Tafiyarmu Maraɗi Saboda Kalma Ɗaya

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayin da ke bakin titin Tunga, har a cikin ajin da nake koyar da kwamfuta, kowa sai ya tare ni: Malam Isyaku, wai da gaske ne an kulle ku a kan iyaka? Wasu sun ji cewa soja ne suka yi mana dukan kawo wuƙa. Maiɗakina ma ta je gidan suna a Sabon Gari ta tarar ana ba da labarin cewa an kama ni da buhun ƙwaya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta da kaina abin da ya faru, duk mai son ji ya karanta, ni ma in samu in sha ruwa.

Ga wanda bai san ni ba, ina da ɗan shago a Tunga mai tsofaffin kwamfutoci, ina koya wa akawuna da 'ya'yan 'yan kasuwa, yawanci da Hausa. Abokin aikina Bitrus ne, ɗan Garatu, iyayensa manoman doya. Hannunsa ya fi nawa a gyaran inji nesa ba kusa ba. Hausarsa irin ta Minna ce: ba ya lanƙwasa harshe a wajen ƙa da ɗa da ɓa, kuma mace da namiji duk "ya" yake ce musu in ya yi sauri.

Dole in ɗan bayyana sana'ar, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɓangare da ke fara farkawa, shi ne ya san yadda ake magana da faifai da allon bugu da injin buga takarda. A tsarin kyauta da muke amfani da shi, mutum yana iya gina wannan ɓangare da kansa daidai da ƙarfin injinsa, kuma tsofaffin injuna irin namu ba sa tafiya sai an yi musu haka. Injin zai yi ta jero maka tambayoyi, kowace tana da amsa uku: ko a sa abu a cikin jikinsa dindindin, ko a ajiye shi a kan faifai sai an buƙata a ɗauko, ko a bar shi gaba ɗaya. Sunan wannan ɓangare da Turanci, in ka ji shi a kunne, daidai yake da kanal na soja. Mu a shago ƙwaya muke ce masa, kamar ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawo.

Wani tsohon abokin karatuna, Sanusi, Bakatsine, yana aiki da wata ƙungiyar agaji mai ɗakin ajiyar magunguna a Maraɗi. Shi ya aiko direba da saƙo cewa injinsu ya kwanta, faifan da suke tayar da inji da su duk zafi ya kashe su, in zo da namu. Ya ƙara da cewa akwai rigima a kan kalmomi, suna son wanda ke koyarwa da Hausa kuma ba shi da hannu a ciki. Na ɗauka wasa ne. Wace irin rigima ce a kan kalmomi da za ta sa a kira mutum daga Minna?

Muka tashi a farkon damina, lokacin da layin mai ya kai inda ya kai. Fijo ce mai dogon baya, direban ya cika bayanta da jarkoki, warin fetur ya sa wata mata da ke kusa da ni ta yi ta amai tun kafin mu kai Tegina. Bitrus ya rungume kwalin faifanmu a cinya kamar jariri.

Gab da Birnin Gwari muka iske shingen soja. Wani kofur ya leƙo, ya nuna kwalin da bakin bindiga, ya tambayi abin da ke ciki. Kafin in buɗe baki Bitrus ya riga ni.

"Oga, na kanal ne. Tsohon ya lalace, za mu je mu cire shi mu sa sabo."

Ku da kuka san irin zamanin da muke ciki, da yadda ake ta raɗe-raɗin juyin mulki, ba sai na gaya muku yadda fuskar kofur ɗin ta koma ba. Aka fito da mu biyu, aka cire mana takalma, aka zaunar da mu a kan kwalta. Ana ta tambayarmu wane kanal, a wace bataliya, wa ya aiko mu. Ina bayani, ina ƙara dagula abin. Sauran fasinjoji suka koma inuwa suna zaginmu ƙasa-ƙasa. Allah ya taimake mu da wani matashin hafsa da ya taɓa zama a gaban kwamfuta a makaranta. Ya ɗaga faifai ɗaya ya juya shi, ya dube mu, bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya ce mu tafi, amma mu nemi wani suna mu ba wannan abu kafin ya kai mu inda ba a dawowa. Ba wanda ya mare mu. Wannan ita ce gaskiyar "dukan soja" da kuka ji.

Daga nan har Funtuwa ba wanda ya yi mana magana a motar, sai matar nan mai amai, da ta miƙo mana ɗanyar gyaɗa ta ce mu yi haƙuri, ita ma ɗanta baki ne ke ja masa. Muka kwana a Katsina a gidan yayan Sanusi. Da safe, a hanyar Jibiya, na ja wa Bitrus kunne cewa daga yanzu ni ne mai magana, kuma Hausa zalla za mu yi.

Ɓangaren Najeriya muka wuce ba wata matsala. A Ɗan Isa ne muka gamu da jandarmomin Nijar, kakinsu a goge, kowa da ɗan littafinsa. Wanda ya karɓi takarduna ya daɗe yana kallonsu, don ya ga sunan jiharmu iri ɗaya da na ƙasarsu a rubuce, ya tambaye ni ko ɗan ƙasa ne ni ko baƙo. Da muka warware wannan, sai ya tambayi abin da ya kawo mu. Na gyara murya, na ce da Hausa mai kyau, aikin ƙwaya za mu yi a ɗakin ajiyar magani na Maraɗi, kuma kayan aikin ne a kwalin.

Ban gama rufe baki ba na ji abin da na faɗa.

Ba su yi mana tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cikin ladabi aka shigar da mu wani ɗaki mai benci ɗaya. Aka zazzage kwalin a kan tebur. Wani jandarma ya zaro wuƙar aljihu ya fara ɓanɓare faifan ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa ciki yana shinshinawa, yana neman inda muka ɓoye ƙwayoyin. Ina kallo yana zaro baƙin zagayen da ke ciki da yatsu masu maiƙo yana ɗaga shi a rana. Na roƙe shi, na rantse, na ce ko guda biyu ya bari. Ya ce in babu komai a ciki ai ba abin damuwa. Bitrus ya sa kai a gwiwa.

Da suka gama ba su sami komai ba, sai aka ce sai shugabansu ya sa hannu kafin a sake mu, shi kuwa ya tafi hutun rana. A can, da rana ta take, ofis da kanti da banki duk rufewa suke yi, kowa ya tafi gida ya kwanta sai la'asar ta kusa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ya gama lalata mana kaya shi ne ya kawo kwanon shinkafa da wake ya ce mu sa hannu tare, ya kuma dafa shayi a ɗan buta ya ba mu har zagaye uku, yana tambayata ko gaskiya ne a Minna doya ɗaya tana kai tsawon hannun mutum. Ba wanda ya nemi ko sisi a wurinmu. Ban san ko in ji haushi ko in yi godiya ba.

Da la'asar shugaban ya dawo ya sa hannu aka sake mu. Sanusi bai zo da kansa ba. Wanda ya zo karɓarmu abokin aikinsa ne ɗan Maraɗi, wani dogo mai tabarau, Lawali. Ya miƙo mini hannu da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe Isyaku." Na tsaya da hannuna a sama. Bayan duk abin da na sha, ga wani kuma yana kirana mushe a gaban jama'a. Sai a mota ya bayyana mini cewa a wurinsu haka ake kiran malami ko ma'aikaci, girmamawa ce, daga Faransanci ta zo. Har na baro garin ban saba ba. Duk lokacin da aka ce Mushe sai na ji kamar in duba jikina.

A gidan Lawali muka sauka, a ɗakin da ke zaure. Mutanen kirki ne ƙwarai. Da safe shayi da wani burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Da rana fura mai kauri wadda ban taɓa shan irinta ba, da dambu da zogale. Bitrus ya yi ta neman doya a kasuwa, da ya ga 'yar ƙanƙanuwar da ake sayarwa a matsayin abin marmari sai ya ce a Garatu ko akuya ba za a ba wannan ba. Hausa ɗaya muke yi da su, amma kullum sai na yi tuntuɓe. In sun ce likita, asibiti suke nufi, mai duba marar lafiya kuwa lokotoro. Ofis buro ne, wutar lantarki kuran. Kuma kuran ɗin nan, da aka ce mini daga wajenmu ake jawo shi, ban ga ya ɗauke ba sai sau ɗaya, mu kuwa da madatsun ruwan ke jiharmu da fitilar kwai muke cin tuwo.

Ɗakin ajiyar maganin wani dogon gini ne, daga nan ake raba magani zuwa ƙananan asibitocin ƙauye. Injin da ya kwanta shi ke riƙe da bayanin abin da kowane ƙauye ya karɓa da abin da ya ƙare masa. Na zauna in taɓa shi, na ga haruffan allon bugun ma ba a inda na san su suke ba, sai lalube nake kamar ɗan koyo. In an kunna, rubutu zai gudana kaɗan, sai ya tsaya cak yana cewa bai ga babban faifan da ke cikinsa ba.

Sanusi da Lawali ba sa magana da juna. Kowa ya ja ni gefe ya ba ni nasa, da na haɗa biyun sai labarin ya fito. Tambayoyin injin da Turanci suke. Ma'aikatan Nijar Faransanci suka yi, na Najeriya Turanci, abin da ya haɗa su Hausa ce kawai. Sai darektan wurin ya sa su biyun su rubuta littafin jagora da Hausa, suka raba aikin, kowa ya yi nasa a ɗakinsa. Sanusi ya rubuta farkon, inda ya ce amsa ta ɗaya sunanta "haɗa", ta biyu, wato a ajiye a faifai sai an buƙata, sunanta "ɗora", kamar kayan da ake ɗora wa jaki a sauke. Lawali ya rubuta sashen faifai, shi kuma a bakinsa "ɗora" na nufin a sa abu a ciki kawai. Da ya zo kan abin da ke karanta faifan injin, ya rubuta cewa wannan dole a ɗora shi.

Wadda aka ba aikin wata ma'aikaciya ce, Rakiya, ita ke kula da injin tun da aka kawo shi. Ta karanta "dole a ɗora", ta koma farko ta duba ma'anar ɗora, ta zaɓi amsa ta biyu. Abin da zai buɗe faifan sai ya zauna a cikin faifan, kamar a kulle ɗaki da makullin a ciki. Ana saura kaɗan babbar motar rabon magani ta tashi. Darekta ya ɗauka bayanan shekaru sun goge, ya tara ma'aikata ya ce Rakiya ta lalata injin da ganganci ko da sakaci, ya kore ta zuwa gida. Motar kuwa ta tafi da rabon da aka yi da ka.

Na tambayi Sanusi ko ya gaya wa darekta cewa yarinyar abin da aka rubuta ta bi. Ya ce ai kuskuren na Lawali ne, shi ya kamata ya faɗa. Na tambayi Lawali, ya ce ma'anar da Sanusi ya ba ɗora ba Hausa ba ce, shi ya kamata ya faɗa. Manyan mutane biyu, masu ilimi, masu salla, kowa ya san ba ta da laifi, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sunkuyawa. Wannan ya fi shingen soja da wuƙar jandarma girgiza ni.

Ga shi kuma faifanmu sun zama shara. Ina zaune ina tunanin komawa Katsina neman wasu, sai Bitrus ya buɗe jakarsa ya ciro Littafi Mai Tsarki, ya zaro faifai ɗaya daga tsakiyarsa. Ashe da shi yake sa alamar inda ya tsaya a karatu, jandarman kuwa da ya ga littafin addini ne bai taɓa shi ba. Da wannan faifai ya tayar da injin ta bayan gida. Bayanan suna nan, ko layi ɗaya bai ɓata ba.

Sanusi ya ce to a gina sabon ɓangaren yanzu a huta. Na ce a'a. In muka gyara da hannunmu muka tafi, jagoran yana nan yadda yake, gobe wani zai sake faɗawa. A gyara kalmomin tukuna, kuma wadda aka kora ita za ta gina shi da sababbin kalmomin, kowa yana kallo.

Muka je gidan su Rakiya ni da Lawali. Mahaifinta, wani dattijo mai ɗinkin hula, ya karɓe mu a zaure ba yabo ba fallasa. Ya ce tun da abin ya faru ba ta fita ko biki, don a gari ana cewa ita ce ta hana ƙauyuka magani. Da ta fito ta gaishe mu, Lawali ya fara kewaye-kewaye. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Mushe Lawali, na karanta shafinka sau da yawa tun ran nan, ina neman inda na kauce. Ban samu ba. Kai ka samu?" Ya cire tabarau ya goge. Ya ce bai samu ba. Sai ta ce za ta zo.

A rumfar da ke bayan ɗakin ajiyar muka zauna mu biyar, kwana da kwanaki. Ban taɓa sanin kalma tana da dangi da masu kare mata mutunci ba sai a nan. Da muka bi jagoran daga farko, muka tarar abu ɗaya an kira shi kunna a nan, buɗe a can, sa a wani wuri, haɗa a wani, har da wata kalmar Faransanci da Lawali ya lanƙwasa ta zama Hausa. Ɗan tsarin da ke shiga tsakanin inji da kowace na'ura, Sanusi ya ce masa direba, Lawali ya ce matuƙi, ya ce su a nan direba ba ya cikin bakinsu. Aka yi rabin yini a kan wannan, kowa yana kawo Hausar kakarsa shaida. Daga ƙarshe na tambaye su mene ne aikin abin. Suka ce yana ji daga wannan ya gaya wa wancan da yaren da yake ji. Na ce to a Minna mai wannan aiki tafinta muke ce masa. Suka dubi juna, ashe su ma haka suke cewa.

Muka sa Bitrus ya riƙa karanta mana abin da muka tsayar da ƙarfi. Ya zo wani layi ya ce "kare aikin". Sanusi ya gyara masa, ya ce ƙare ne, wato a tsayar. Lawali ya ce a'a, kare ne, wato a tsare shi daga lalacewa. Aka duba, sai ga shi duka biyun suna cikin jagoran a wurare dabam. Sanusi ya yi dariya ya ce matsalar bakin Bitrus ce. Rakiya ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta je ta buga kalmomin biyu a kan injin ta kira mu. Baƙin allon nan ba shi da haruffa masu lanƙwasa ko ɗaya. Kare da ƙare iri ɗaya suka fito, haka ƙasa da kasa, haka ɓata da bata.

"Injin ma Hausar Mushe Bitrus yake yi," in ji ta. "Duk kalmar da ta rikice a bakinsa, ta rikice a nan."

Daga nan aikin ya sauya. Muka tsayar cewa abu ɗaya suna ɗaya, daga shafin farko har na ƙarshe, ko da maimaitawar ta yi wa kunne nauyi. Sanusi ya sha wuya a nan, don shi mutum ne mai son ado a rubutu, a makaranta ma an koya mana kada a maimaita kalma. Muka kuma tsayar cewa duk kalmar da ma'anarta ke canzawa in lanƙwasa ta faɗi, an sallame ta, haka duk wadda Katsina ta sani Maraɗi ba ta sani ba. Kare ya koma tsare, ƙare ya koma tsayar.

Amsoshin uku su suka fi ba mu wuya. Na kawo gina, Lawali ya ce a wajensu in ka ce gina wani rami zai fara tonawa. Kowace kalmar aiki muka ɗauko sai an sami wanda ke jin ta dabam. Sanusi ne ya ce to a daina gaya wa mutum abin da zai yi, a gaya masa inda abin zai zauna. Ciki. Lawali, ba tare da ya dube shi ba, ya ce gefe. Na ukun kuwa ba a yi gardama ba: babu. Wannan ne karo na farko da na ji sun ƙarasa wa juna magana. Shi kansa ɓangaren, bayan na ba su labarin abin da sunayensa biyu suka ja mana a hanya, har Rakiya sai da ta rufe baki da mayafi, aka sa masa cibiya.

Ranar gwaji, Bitrus yana karanta sabon jagoran, Rakiya tana amsa wa injin, mu uku an hana mu cewa uffan. Da aka zo tambayar faifai ya karanta, "Tafintan faifai: ciki." Ta danna. Injin ya daɗe yana gini, muna jin ƙarar faifansa kamar ana niƙa. Da ya gama ta cire faifan Bitrus ta miƙa masa, ta kashe, ta kunna. Rubutu ya gudana, ya zo inda yake tsayawa, ya wuce.

Aka kira darekta, wani mai furfura da bai cika yin Hausa a wurin aiki ba. Ya duba bayanan, ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa Rakiya da Faransanci ta koma bakin aikinta gobe, Lawali yana fassara mini. Ta ce ta gode, amma ba a ofis aka kore ta ba, a tsakar gida ne, gaban masu gadi da masu dako da direbobi, kuma su ne suka kai labarin gari.

"Ranka ya daɗe, a can za a faɗa. Kuma da Hausa, don su ji."

Na zaci zai fusata. Sai ya sa aka tara mutane. Hausarsa ashe garau take. Ya ce Rakiya ba ta lalata komai ba, shi ya yi gaggawa. Bai gama ba Lawali ya fito ya ce shi ya rubuta layin da ta bi. Sanusi ya tsaya a bayana yana murza hula, har na ɗauka ba zai motsa ba, sai ga shi ya fita ya tsaya kusa da Lawali ya ce rabin rubutun nasa ne, kuma ya sani tun ranar farko. Wani tsohon mai gadi ya ce to madalla, ya koma bakin ƙofarsa.

Ranar da za mu taho, Rakiya ta same mu a tasha da ƙunshin kilishi na iyalina da na Bitrus. Mota ba ta cika ba, muka tsaya a inuwa. Na ce mata ai yanzu komai ya wuce. Ta ce ta kwatanta rabon da aka yi da ka da abin da ke cikin injin. Yawancin ƙauyukan sun sami abin da ya kamata, ko kusa da haka. Amma akwai wani ƙauye can arewa da injin ya nuna maganin cizon maciji ya ƙare musu tun kafin ruwan farko, kuma ba wanda ya tuna da su. Motar ta wuce su ba ko kwalba ɗaya, ga shi ana tsakiyar shuka, mutane suna gona ba takalmi. Ta ce jiya ta sa an aika musu a kan babur.

Na so in tambaye ta ko an yi rashi a tsakanin. Na ga Bitrus ma yana son tambaya. Ba mu tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ɗan kamasho ya kira mu, muka shiga.

Dawowarmu lafiya lau, ba wanda ya tsayar da mu fiye da yadda aka saba. Mun shigo Minna ana ruwa, Bitrus ya sauka ya nemi motar Garatu don ya ga gonar babansa, ni na wuce gida. To, masu tambaya, kun ji yadda aka yi. In kun tare ni a teburin shayi zan sake ba ku na soja da na jandarma ku yi dariya, ni ma yanzu ina iya yi. Na ƙauyen can ne ban san ƙarshensa ba, kuma har yau ban sami ƙarfin halin aikawa in tambaya ba.